Kama da Wane Ba Ta Wane: Rektifayar Tsohon Babur a Ƙasar Mafara

A cikin dukan kayan da ke jikin babur, da wuya a sami wanda aka raina kamar rektifaya. Girmanta bai fi akwatin ashana biyu ba, jikinta na alminiyam ne mai tsage-tsage, an ɗaure ta da noti a ƙarƙashin kujera ko gefen tanki, wayoyi huɗu ko biyar na fita daga cikinta. Mai babur kan yi shekaru bai san da zamanta ba. Ranar da ta mutu ma ba ita ake fara zargi ba. Sai an sauya ƙwan fitila sau biyu, an kai batir caji, an sayi sabon batir, kuɗi sun tafi, sannan wani ya ce ai rektifaya ce. Daga nan a tura yaro shago da saƙo guda: "Maigida, wai a ba ni ta Boksa." Mai shago ya miƙo wadda soket ɗinta ya yi kama da na tsohuwar, a ɗaura, a tayar da inji. In fitila ta kama, an gama.

Wannan salon saye shi ke cinye kuɗin masu tsofaffin babura, kuma ya kamata a bar shi. Sunan da ke jikin tanki da siffar soket ba su isa su zaɓa wa tsohon babur rektifaya ba. Koyil ɗin da ke cikin inji da yadda aka ja wayoyin babur ɗin su ne ke da ta cewa, kuma ba a jin ta bakinsu sai an sa mita an auna.

A birni, kuskuren ba zai wuce asarar 'yan dubbai da ɓata yini ba. A Tsibiri, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Maradun, da ƙauyukan da ke tsakanin Maradun da Bakura da Talata Mafara, lissafin ya fi haka nauyi. Babur ne ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke fitar da shinkafa da tumatir da albasa daga gonakin noman rani na Bakalori, shi ke kai malami makaranta, shi ke kai mutane kasuwar Talata ya komo da su. Yanki ne kuma da aka daɗe ana tafiya ana duban rana. A watan Mayun 2019 rundunar sojan ƙasa ta hana hawa babur a dazuzzukan jihohi bakwai na arewa, har da Zamfara. A 2021 gwamnatin Bello Matawalle, wanda shi kansa ɗan Maradun ne, ta rufe kasuwannin mako, ta taƙaita sayar da fetur, ta hana zirga-zirgar babura da dare, sannan a farkon Satumbar shekarar aka katse layukan waya a faɗin jihar. Dokoki suna zuwa suna wucewa, amma abin da ya jawo su bai wuce ba. Wanda fitilarsa ta ƙone ko injinsa ya mutu da la'asar sakaliya a kan turbar daji, ba kuɗin gyara ne ke fara zuwa masa rai ba.

Ga kuma tsadar sabon babur. Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin fetur, da watan Yunin da ya biyo baya da aka saki naira, dalar da ake canzawa a hukumance kan kusan naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Babura da kayan gyaransu kusan duk daga waje suke zuwa, ko dai a haɗe ko a kwance a harhaɗa su a nan. Babur ɗin da a da za a rabu da shi bayan shekara biyar, yanzu dole ya yi goma. Abin da ke ɗaukar babur zuwa shekara goma kuwa ƙananan kaya ne irin wannan.

Aikin rektifaya biyu ne, ko da yake sunan da makanikai suka ba ta ɗaya kawai ya ambata. A gefen injin akwai faifai mai nauyi da aka liƙa wa maganaɗisu, yana juyawa a kewayen wasu naɗe-naɗen wayar tagulla, wato koyil. Juyawar ce ke haifar da wuta. Sai dai wutar mai kai-da-komo ce, tana sauya alkibla sau da yawa a cikin daƙiƙa, batir kuwa ba ya karɓar wuta sai mai tafiya hanya ɗaya. Aikin farko ke nan, miƙar da wutar. Na biyu ya fi muhimmanci. Ƙarfin maganaɗisun nan ba ya raguwa ba ya ƙaruwa, don haka iya gudun inji iya ƙarfin wutar da koyil ke tunkuɗowa. Da za a bar shi sakaka, zai haura bolt 12 da babur ke buƙata ya ninka shi har sau uku ko huɗu idan aka murɗa totur. Rektifaya ce ke tsare shi a wajen bolt 14.

Mutumin ƙasar Mafara ba ya buƙatar dogon bayani kan yadda take yin haka, domin ya san madatsar ruwan Bakalori, wadda aka kammala a 1978 a kan Kogin Sakkwato. Ba wanda ya isa ya ce wa kogi ya rage zuwa da damina. Abin da ake yi shi ne a bar wa rarar ruwa mafita. Yawancin rektifayoyin ƙananan babura haka suke aiki: da zarar wuta ta kai iyaka, sai su buɗe wa rarar hanya ta koma ta ƙarfen jikin babur. Rarar nan ba ta ɓacewa, zafi take zama, wani a cikin koyil wani a cikin rektifayar kanta. Tsage-tsagen bayanta domin iska ta kwashe zafin aka yi su. Ke nan aba ce da aka ƙera domin ta yi ta shan zafi muddin inji na aiki, a ƙasar da zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40 a inuwa, ƙurar hunturu da taɓon damina kuma na toshe tsagogin nan. Mutuwarta ba abin mamaki ba ce.

Mutuwar iri biyu ce. Wata ta daina aika wuta, batir ya yi ta ƙarewa a hankali, oda ta shaƙe, sitata ya daina juyawa. Wata kuma ta daina tsare iyaka, wutar ta wuce bolt 15 ta yi gaba, ƙwayayen fitila su yi haske fiye da kima su ƙone ɗaya bayan ɗaya, ruwan batir ya tafasa ya ƙafe, ya riƙa wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, wanda aka rufe ruf kuma ya kumbura. Ta biyun ce mai cin dukiya, don ba ta tafiya ita kaɗai. Yadda babur zai ji a jikinsa kuma ya danganta da akwatin da ke ba fulogi wuta, wanda ake kira CDI. A wasu babura akwatin yana da koyil nasa na daban, don haka ko babu batir sai a buga kik a tafi. A wasu kuwa daga batir yake sha, kuma irin waɗannan su ne ke mutuwa a tsakiyar hanya idan caji ya tsaya, su ne kuma wutar da ta yi yawa ke ƙona wa akwatin.

A nan ne batun zaɓe ya shigo. Rektifayoyin da ke rataye a shago sun yi kama da juna, amma cikinsu ya sha bamban. A babura da yawa, musamman tsofaffi, gefe ɗaya na koyil a maƙale yake da ƙarfen inji, fitilar gaba tana shan wuta kai tsaye daga koyil, shi ya sa take dishewa idan inji na tsaye ta ƙara haske idan an ba da wuta. Rektifayar irin wannan tsari rabin kai-da-komon wutar kawai take miƙa wa batir. A wasu kuwa duka bakunan koyil biyu suna zuwa rektifaya ba tare da sun taɓa ƙarfe ba, ta miƙar da wutar gaba ɗaya, komai na babur ya sha daga batir. Duka biyun ana samun su da ƙafa huɗu, da soket iri ɗaya, har da launin roba iri ɗaya. A ɗaura ta tsari na biyu a kan koyil na farko, ko dai ta ƙi caji ko ta yi zafi ta ƙone, wani lokaci ta tafi da koyil ɗin. Ko a cikin tsari guda ma, kamfanoni ba su yi ittifaƙi kan wace ƙafa ce ta batir wace ce ta fitila ba. Mai ƙafa biyar kuma sau da yawa ƙafar ƙarin aikinta leƙen ƙarfin wuta ne bayan an murɗa makulli, in aka bar ta a sake ko aka haɗa ta da wayar da ta yi tsatsa, sai rektifayar ta ɗauka batir na jin yunwa, ta yi ta ɗura masa. Akwai masu wayoyin koyil uku na manyan babura, akwai kuma 'yan tsirarun tsofaffi masu bolt 6 da har yanzu ba su ƙare ba.

Launin waya kan taimaka. Tsarin Honda, wanda masana'antun Sin da yawa suka kwaikwaya, ya saba sa ja ga batir, kore ga ƙarfen jiki, rawaya ga fitila, fari ga caji. Ɗaya daga cikin dalilan yaɗuwar tsarin shi ne Honda CG125, wanda ya fito a 1975, an ƙera shi musamman domin ƙasashen da ba a cika kula da juyen baƙin mai a kan kari ba, kuma injinsa ya zama uban dubban injinan da ke fitowa daga Sin. Shi kansa da bolt 6 ya fara, sai a shekarun 1980 ya koma 12. Amma Bajaj na Indiya, mai Boxer, da launukansa yake tafiya, haka ma Suzuki da Yamaha. Kuma launi yana da amfani ne kawai idan wayoyin na asali ne.

To ina babur ɗan shekara takwas a Tsibiri da wayoyinsa na asali? Tankin na iya cewa Jincheng ko Haojue, amma an taɓa sauke injin an ɗora na wani, an sauya koyil sau biyu, ɗaya ma naɗin hannu ne, an yanke wayoyi an ɗaure da leda, an ƙara soket na cajin waya, an cire fis an sa zaren waya a madadinsa. Wannan ba aibi ba ne ga makanikan karkara, dabararsu ce ta sa babura ke tafiya inda wakilin kamfani bai taɓa takawa ba. Sai dai sakamakon shi ne babur ɗin ya zama haɗin gambiza, sunansa ya daina bayyana cikinsa. Wanda ya saya masa kaya da sunan tanki ya saya wa babur ɗin da ya fito daga kwali ne shekaru takwas da suka wuce, alhali wanda ke jingine a gaban shago wani ne daban.

Awon da zai raba gardama bai kai minti goma ba. A ɗora mita a kan batir inji na kashe: lafiyayye zai nuna wajen 12.6. A tayar, a murɗa totur matsakaici: ya kamata adadin ya hau zuwa tsakanin 13.5 da 14.5 ya tsaya. In ya wuce 15 yana ci gaba da hawa, rektifaya ba ta tsare iyaka, ko kuma wayarta ta ƙarfen jiki ta saki. In bai motsa ba, to ba a yanke mata hukunci tukuna, domin koyil na iya zama mai laifin, ko soket ɗin da ya narke, ko fis. Sai a zare soket a auna abin da koyil ke bayarwa shi kaɗai, a ga ko yana hawa da gudun inji. Sannan a taɓa wayar koyil da baki ɗaya na mita, ƙarfen inji da ɗaya bakin, a ga ko a haɗe suke. Wannan gwajin na ƙarshe shi ke faɗin irin rektifayar da za a saya. Ba ƙaramin adadi na rektifayoyin da ake jefarwa ba lafiyarsu ƙalau, tsatsa ce a kan noti ta ja musu.

Ko an san irin da ake nema, saura matsalar inganci, kuma a nan laifin ya wuce na mai babur da makanike. Kaya na tasowa daga masana'antun Sin da Indiya, su biyo ta Legas da Nnewi da kasuwannin Kano, su iso Gusau da Mafara. A hanya akwai nagari, akwai na tsaka-tsaki, akwai jabu, kuma cikin rektifaya a toshe yake da baƙin danƙo, ba mai iya gani. Kwalin da aka rubuta wa orijina ya fi abin da ke cikinsa sauƙin kwaikwayo. Masanin tattalin arziƙi ɗan Amurka George Akerlof ya bayyana irin wannan kasuwa a 1970, da misalin motoci na hannu, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2001. Idan mai saye ba ya iya bambanta nagari da mugu, ba zai yarda ya biya kuɗin nagari ba. Mai sayar da nagari kuma ba zai iya sayarwa a farashin mugu ba, sai ya janye. A hankali kasuwa ta cika da mugun kaya ba tare da kowa ya yi niyyar haka ba. Mai shagon da ya ajiye mai tsada ya ga ta yi wata shida tana shan ƙura ba zai sake saro ta ba, kuma ba a ce ya yi rashin hankali ba.

Hukumar SON tana da shirin SONCAP tun 2005 na tantance kayan da ake shigowa da su, kuma yana da amfaninsa a tashar jiragen ruwa. Amma takardar da aka buga wa kwantena a Legas ba ta gaya wa mutumin Tsibiri komai game da ƙwaya ɗayan da ke tafin hannunsa. Abin da ke karya matsalar Akerlof shi ne mai saye ya sami hanyar gani da idonsa, kuma a wannan karon hanyar na da araha: a ɗaura a gaban shago, a tayar, a auna, a bar inji ya ɗan yi zafi, a sake aunawa da fitila a kunne. Wadda ta riƙe 14 ta ci jarrabawar farko. Gwajin ba zai nuna ko za ta yi shekara biyu ba, amma zai fitar da wadda ba ta dace da koyil ba da wadda ba ta tsare iyaka, kuma su ne ke kashe batir a mako uku.

Akwai masu cewa wannan duk maganar masu albashi ce, talaka abin da aljihunsa ya kai yake saye. Akwai gaskiya a ciki. Ɗan kabu-kabun da ke da kuɗin mai araha a yau, ba shi da na mai tsada sai bayan mako biyu, kuma babur ɗin ne ke kawo cefane, bai yi wauta ba in ya sayi mai arahar. Ba a kuma ce tsada shaidar inganci ce ba, a kasuwar da jabu ke shiga kwalin nagari mai tsadar ma na iya zama asara biyu. Hujjar a nan ba ta nemi a ƙara kuɗi ba. Mai araha da ta dace da koyil, aka goge mata wurin zama, aka ɗaure ta tam inda iska ke bugawa, ta fi mai tsadar da aka sa a tsarin da ba nata ba. Batir kuwa ya ninka rektifaya kuɗi, don haka wanda ba shi da halin asara shi ya fi kowa buƙatar a auna masa.

Wasu kuma za su ce tsohon makanike ya san aikinsa, ba ya buƙatar mita. Ya kan ɗan goga waya a jikin ƙarfe ya ga tartsatsi, ko ya sa ƙwan fitila ya duba haske. Ƙwarewar kunne da hannu gaskiya ce, ita ke gane ƙarar balbal da ta kwance tun daga nesa. Amma tartsatsi ba ya bambanta 14 da 17, ido ma haka, tazarar da ke tsakaninsu kuwa ita ce rayuwar batir. Goga waya a ƙarfe ma kan iya kashe sabuwar rektifaya tun ba ta fara aiki ba.

Wani sabon abu ya ƙara dagula lissafin, wato fitilun LED masu farin haske da suka cika kasuwa. Suna shan wuta kaɗan, kuma mutane na ɗauka sun sauƙaƙa wa babur. A tsarin da ke zubar da rara, akasin haka ke faruwa. Ƙwan fitila mai wat 35 yana shanye wani kaso na abin da koyil ke bayarwa, in aka maye gurbinsa da wanda ke shan kashi ɗaya cikin uku, ragowar rektifaya za ta koma, ta zama zafi. A babur ɗin da fitilarsa ke shan wutar koyil kai tsaye, LED ɗin kan yi ta ƙyaftawa ko ya mutu da wuri. Haka nan al'adar cire mataccen batir a ci gaba da tafiya da kik, tana barin rektifaya ba abin da zai tare mata hauhawar wuta. Akwai rektifayoyi na zamani da ba sa zafi sosai, irin waɗanda kamfanin Shindengen na Japan ke ƙerawa, amma akasarinsu na manyan babura ne masu wayoyin koyil uku, ba su da wurin zama a jikin Boxer ɗin ƙauye.

Masu karanta wannan shafi da yawa ba su hawa babur zuwa aiki, amma su ake bugo wa waya daga gida a ce batir ya sake mutuwa. Mai tura kuɗin yana da damar tambaya ɗaya kafin ya tura: nawa mita ta nuna da inji na aiki? In amsar ita ce babu mita, to kuɗin mita bai kai na batir guda ba, kuma ɗaya ta ishi garejin da ke gyara wa ƙauye guda. Ƙungiyoyin makanikai da na masu kabu-kabu, waɗanda dama ke karɓar kuɗin mambobi, za su iya mayar da gwaji a gaban shago ya zama sharaɗin ciniki, su kuma matsa wa dillalai su karɓi kayan da ya faɗi a take. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau tana nan cikin Talata Mafara. Koya wa yaran gareji karatun mita da Hausa aikin yini biyu ne, kuma ranar Talata makanikan Bakura da Maradun da Tsibiri dama suna shigowa gari sayen kaya.